Daga Wusasa zuwa Bradford

Lahadina ta farko a birnin Bradford na ƙasar Ingila na ɗaura atamfar zumuntar mata, na kafa ɗauri, na nufi cocin Angalikan na unguwarmu. Ginin dutse ne da zai ci mutum ɗari uku, amma da na ƙirga mu goma sha tara ne, kusan duk masu furfura. Ba ganga, ba guɗa, awa ɗaya cif aka tashi. Na koma ɗaki ina ta jinjina kai, wai nan ce ƙasar da ta aiko mana Dakta Mila.

Ni 'yar Wusasa ce, kuma a garinmu ba yaron da bai san sunan Walter Miller ba, wato Dakta Mila, likita ɗan mishan. Ya zauna a birnin Zariya tun 1905, a 1929 aka mayar da mishan ɗin Wusasa, a 1932 kuma cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito, da hannunsa dumu-dumu a fassarar. Kakata takan ce abin da ya sa dattawa suka ba shi tabarma shi ne Hausar bakinsa da maganin da yake bayarwa. Sai da ya je Tarabulus ya koyi harshen kafin ya tako ƙasar Hausa.

Da zan taho, limamin cocinmu ya yi mini addu'a, ya ce yanzu ni ce 'yar mishan. Na zo da wannan zafin kuwa, har da 'yan takardun bishara a jaka. Na ji cewa a ƙidayar 2021 kashi 46.2 cikin ɗari ne kawai suka ce su Kirista ne a Ingila da Wales, sai na ɗauka gona ce ta nuna, girbi kawai take jira.

Ashe ba haka ba ne. A gidan kula da tsofaffin da nake aiki, tun ranar farko aka gaya mana ba a yi wa kowa wa'azi. Bature kuma zai yi hira da ke kan ruwan sama har gobe, amma kina ambaton Allah sai ya duba agogo. Abin dariya, maƙwabtana Musulmi 'yan Pakistan su suka fi tuna mini da gida: sallama, tambayar lafiyar iyali, kwanon abinci ranar salla. Takardun nan har yau suna ƙasan akwati.

Sai na koma koyon abin da Mila ya fara da shi, wato harshe. Turancin Yorkshire, yankin da Bradford take, daban yake da na makaranta, wata uku na yi ina cewa "na'am?"

Akwai wata tsohuwa da mantuwa ta ci ƙarfinta, ko 'ya'yanta ba ta ganewa. Wata safiya ina taje mata kai ina rera wata waƙa ta Littafin Waƙoƙi ƙasa-ƙasa, sai na ji ta kama. Muryar waƙar ɗaya ce, ita da Turanci, ni da Hausa, muka kai baiti uku ba ta yi tuntuɓe ba. Da muka gama ta dube ni ta ce shayinta ya huce.