Godiya ga Allah da ku duka, na dawo Jos lafiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdulillahi, na iso gida. Jiki a gajiye yake, har yanzu ramuwar barci nake yi, saƙonnin da suka taru a wayata kuma sun fi ƙarfin in bi su ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuta a nan kowa ya gani. Wanda ya kira bai same ni ba, da wanda ya yi tattaki har gida ya tarar ina kwance, don Allah a yafe mini. Na je Dahab a ƙasar Masar ne neman zama malamin nutso a teku, a can ciwon da ke kama masu nutso ya same ni, hannuna na hagu ya daina jin taɓi. Ba sai na maimaita sauran labarin ba, tare da ku aka yi shi tun ranar da aka ce an kai ni asibiti a Dahab har ranar da sakamakon jarrabawa ya fito. Hannuna na hagu ya dawo daidai, likita ya sa hannu cewa zan iya komawa ruwa, takardar malamin nutso da na tafi nema kuma tana hannuna.

Abu ɗaya nake so in gyara, saboda ya tayar wa Inna hankali fiye da ciwon kansa. Ba a ramin nan na cikin teku kusa da Dahab da ake kira Blue Hole abin ya same ni ba. Wani ya duba Dahab a intanet, ya ga labarin mutanen da suka rasu a can, ya kawo mata har ɗaki. Akasarin waɗanda ramin ya ci sun yi ƙoƙarin ratsa wata ƙofa ce da zurfinta ya haura mita 50, alhali iyakar mai nutso irin namu mita 40 ne, kuma ko kusa da nan ba ma zuwa a lokacin horo. Ciwona ya zo ne bayan nutso na yau da kullum, an bi lissafin zurfi da lokaci, an tsaya minti 3 a mita 5 kamar yadda aka saba. Iskar naitirojin da jiki ke sha a ƙarƙashin ruwa ce takan zama kumfa a jini da gaɓoɓi, kamar dai kwalbar lemo idan an buɗe ta. Yakan samu mutum ko da ya kiyaye ƙa'ida. Allah ya ƙaddara zai same ni.

Kawuna na Bukuru, na san ba ka son a ambace ka a irin wannan wuri, amma yau sai ka yi haƙuri. Lokacin da nake ta auna wurare, kowa tambayar kuɗi yake yi mini. Ga Koh Tao a Tailan, wadda ta yi suna wajen araha da yawan ɗalibai. Ga Utila a Honduras, ga tsibiran Gili a Indunusiya, ga Zanzibar nan kusa da mu. Na zo na zazzage maka duka, ka saurara har na gama, sannan ka ce: idan wani abu ya faru, ina asibitin yake, kuma minti nawa ne tsakani? Ka yi aiki a Fatakwal kusa da masu nutson kamfanonin mai, ka san abin da sauranmu ba mu sani ba. Wannan tambayar na riƙa aika wa kowace makaranta. Wasu suka amsa da hotunan kifi da rangwamen kuɗi. Makarantar da na zaɓa ta gaya mini inda ɗakin matsin iska, wanda ake jinyar masu irin wannan ciwo a ciki, yake a cikin garin Dahab, ta ce akwai wani a Sharm el-Sheikh, ta nuna mini tukunyar oksijin da ke bin su a mota duk inda za a shiga ruwa, da lasisinta na hukumar CDWS mai kula da harkar nutso a Masar. Kai ne kuma ka ƙi sakin kuɗin jirgi sai da ka ga takardar inshorar masu nutso ta DAN da idonka. Ba don ita ba, da kuɗin jinyar nan sai an sayar da wani abu a gidanmu. Allah ya ƙara maka girma, Kawu, ya jiƙan mahaifanka, ya sa 'ya'yanka su yi maka fiye da haka.

Akwai sauran dalilan da suka kai ni Masar, ga masu tambaya don ƙannensu. Jirgi yana tashi daga Abuja kai tsaye zuwa Alƙahira, abinci halal ne ba sai ka yi ta bincike ba, kiran sallah kana jin sa daga bakin ruwa, kuma a Dahab akasari daga gaɓa ake shiga teku, ba sai an ɓata yini a jirgin ruwa ba. Amma wanda ya fi nauyi a wurina shi ne babban malamin, wanda PADI, ƙungiyar da ke ba da takardar shaidar nutso, ke kira Kos Darakta. Da na rubuta masa cewa daga Jos nake, kuma abin da ya sa ni wannan hanya shi ne tafkunan kuza da ke cinye mana yara duk damina, bai turo mini farashi ba. Tambayata ya yi tsayin garinmu daga teku. Na ce sama da mita 1,200. Ya ce duk nutson da aka yi a wurin da tsayinsa daga teku ya haura mita 300 lissafinsa daban ne, ruwan tafki kuma ga sanyi ga duhu, ba kamar Bahar Maliya ba da kake hango ƙasa tun daga sama, don haka zai ƙara mini darasin nutson tudu da na lalube a ruwan da ba a gani. Tun daga nan hankalina ya kwanta da shi. Duk mai niyyar tafiya ya nemi magana da wanda zai koyar da shi kafin ya biya ko kwabo, ya tambayi ɗalibai nawa ake haɗawa a aji ɗaya, kuma ko shi da kansa yake shiga ruwa da su.

Wanda ba zan taɓa mantawa ba shi ne mutumin da ya shiga ɗakin matsin iskar nan tare da ni. Ɗakin ƙarfe ne, a rufe ruf, ana ƙara masa iska har matsinsa ya kai na zurfin mita 18, a ɗaura maka oksijin a fuska, kusan awa biyar. Ba a shiga da waya, ba a shiga da duk abin da zai iya kawo wuta, har tufafi sai an canza maka da na auduga. Ina kwance, hannuna ba ya jin taɓi, zuciyata tana wurin Inna da yara, ina tunanin ko da wannan hannun zan koma gida a haka. Shi kuwa lafiyarsa ƙalau, aikinsa ne ya zauna da majinyaci, matsin da nake sha shi ma yana sha. Bamisire ne, Turancinsa kaɗan, ni kuma Larabcina na Islamiyya ne. Duk bayan minti 20 ana cire mini abin fuskar in shaƙi iskar ɗaki na minti 5. A hutun farko ya ga hawaye a idona. Bai ce mini in yi haƙuri ba, bai ce ba komai ba. Ya riƙe hannun da ba na ji, ya fara karanta addu'ar Annabi Yunusa a cikin kifi: La ilaha illa anta subhanaka inni kuntu minaz zalimin. Na kama tare da shi. Kowane hutu haka muka yi. Da lokacin isha ya shiga ya ce in yi sallata a kwance da ishara. Can tsakar dare ya matsa yatsuna, na ji, sai na ga ya ɗaga hannu sama yana hamdala tamkar ɗan uwansa na jini ne a kwance. Ba ya jin Hausa, wannan rubutu ba zai kai gare shi ba, don haka ina roƙon duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a. Allah ya haskaka masa kabarinsa ranar da zai shiga nasa ɗakin shi kaɗai, ya tsare masa zuri'a, ya kai shi Makka da Madina.

Jarrabawar malanta ba makaranta ke yin ta ba, masu jarrabawa PADI ke turowa a ranakun da aka tsayar, kwana biyu ake yi. Tawa ta wuce ni ina jinya. Ba a zama sai da nutso 100 a rubuce da takardar likita, tawa kuwa dole a sake sabuwa. Makarantar ta bar ni a ɗakina ba ta ƙara mini ko sisi ba har zagayen gaba ya zo. 'Yan ajinmu suna fitowa daga ruwa a gajiye su zauna su yi bitar darussan rubutu da ni, tunda kowace takarda sai da kashi 75 ake haye ta. Ranar gwajin ceto, inda ake jan wanda ya suma a saman ruwa ana hura masa numfashi duk bayan daƙiƙa 5 ana cire masa kaya, da hannun nan na tallafe kansa. Allah ya saka musu.

Goggona ta Anguwan Rogo, an gaya mini kwasar adashinki ce kika aiko da ita sa'ad da zaman ya yi tsawo, kika ce kada a faɗa mini. An faɗa. Allah ya buɗa miki ta inda ba ki zato. Maman yara, ke kika riƙe gida, kina kuka a ɗaki ki fito ki yi wa Inna murmushi. Ba ni da bakin gode miki, Allah ya biya ki da Aljanna. Liman da jama'ar masallacinmu da suka yi ta addu'a bayan kowace asuba, maƙwabtanmu Kiristoci da suka zo suka ce sun sa ni a addu'a a cocinsu, abokan makaranta da suka haɗa kuɗi a WhatsApp, ɗaliban Najeriya a Alƙahira da suka tare ni a filin jirgi suka ba ni tuwo, Allah ya bar zumunci, ya raba ku da ganin irin wannan rana a kan naku.

Akwai kuma na jini da tun farko suka ce me ya kai ɗan Jos teku. Ra'ayinsu ne, ban riƙe ba. Amma da abin ya faru, gidajensu ba su fi tafiyar keke napep ɗaya da namu ba, Inna ta yi ta kallon ƙofa. Ni ban ji ciwon don kaina ba, ita na ji wa. Allah ya sa uzuri ne ya hana.

Inna, ki yafe mini tashin hankalin da kika shiga. Addu'arki ce ta fito da ni. Allah ya ja kwananki cikin lafiya, ya sa in yi miki hidimar da za ki manta da waɗannan dararen, ya jiƙan Baba, ya kai haske makwancinsa. Ya Allah ka ba duk marar lafiya lafiya, ka dawo da duk wanda ke uwa duniya gida ga iyayensa, ka tsare mana yaranmu daga tafkunan nan. Amin ya Hayyu ya Ƙayyum.

Iyayen da ke tambayar yaushe za a fara koya wa yara, da iyo za mu fara, ba nutso ba, kuma a ruwan da aka san zurfinsa. Kayan nutso da injin cika tukunya ba su samu ba tukuna, zan sanar idan an shirya. Masu son zuwa gaisuwa kuma, bayan la'asar ya fi, da safe Inna na hutawa.