Daga Kwangila zuwa ƙarƙashin Bahar Maliya

Daga Kwangila a Zariya na hau mota zuwa Kano, jirgi ya sauke mu Alƙahira, sai bas kusan awa 6 cikin hamada har Hurghada bakin Bahar Maliya. Ƙanina da ke karatu a Masar shi ya haɗa ni da masu koyar da nutso da tulun iska, don ya san tun muna yara a Samaru ruwa ne abina.

Duk wanda na ba labari a majalisa tambayarsa ɗaya ce, kifi bai cije ka ba? Wallahi ba kifi ne abin tsoro ba, jiragen ruwan da ke saman kanka ne. Wajen tsibirin Giftun jirage kamar Keke Napep a PZ, kana ƙasa kana jin ƙugin inji amma ba ka san ta ina yake zuwa ba, shi kuma direba bai ganinka sam, in ka ɓullo kawai farfela na iya sare ka. Ga ruwan yana jan mutum, inda ka shiga daban inda za ka fito daban.

Shi ya sa malaminmu ya ƙi barinmu sai mun iya tura balan-balan ɗin alama saman ruwa, wadda ke nuna wa jirage akwai mai nutso a ƙasa. Doguwa ce ruwan lemo, a naɗe take a aljihu, da zare a jikin abin naɗi. Sai ka daidaita kanka tukuna, ba ka nutsewa ba ka tasowa, ka ɗaga kai ka duba ko akwai mutum ko jirgi a sama, ka miƙa hannu nesa da jikinka don kar zaren ya sarƙe da bututun numfashi, sannan ka hura mata iska kaɗan ka saki. Kaɗan fa, domin a zurfin mita 10 nauyin da ke kanka ninki biyu ne na sama, iskar da ka sa tana ninkawa kafin ta kai, shi ya sa take ficewa a guje zaren na ƙara a yatsunka.

Abin da ya fi nanatawa, har yana buga benci, kar ka taɓa maƙala abin zaren a jikinka. In ya cije balan-balan za ta fizge ka sama, iskar huhunka ta kumbura, naitirojin da ke jininka ya yi kumfa, sai asibiti in an yi sa'a. Ya cije? Sake shi ya tafi, a sayi wani. Na ga wani Bature zare ya naɗe masa ƙafar roba, malam ya zaro almakashi ya datse nan take, abin ko daƙiƙa biyar bai kai ba amma jikina ya yi sanyi.

Tawa da ta miƙe sai na riƙa naɗe zaren a hankali ina ɗan ja don ta tsaya tsaye a ganta daga nesa, muka tsaya a mita 5 na minti 3, muna fitowa ga ƙaramin kwale-kwale yana jiranmu, Alhamdulillah. Bayan nutson ƙarshe suka ce kar in hau jirgin sama sai an yi aƙalla awa 18, sai na kwana Alƙahira wajen ƙanin nawa kafin in kamo hanyar Kano.