Ɗurin huɗu-huɗu ya zauna, saura maganar durom

Alhamdu lillahi jama'a, a ɗurin huɗu-huɗu da nake koya don gasar harbi, wato cafko harsashi huɗu a hannu ɗaya a tura su biyu-biyu cikin bindiga, harsashi na huɗu ya daina dawo mini. Ranar Asabar na ɗura takwas a shotgan cikin daƙiƙa biyar da 'yan kai, a fili, da harsashi na gaske, ina tafiya, hannuna jiƙe da gumin Texas. Na san a cikinku akwai masu yin ƙasa da huɗu, kuma na san abin da gwanaye ke yi a bidiyo. Ku bar ni dai in yi murnata, don wannan abu ya ci mini tuwo a ƙwarya tun farkon bazara.

Ga waɗanda ba su ga rubutuna na baya ba: gasar da muke shirin shiga ta harbi ce da bindiga iri uku, raifil da fistol da shotgan, ta ƙungiya, mutum uku-uku, salon miƙa-miƙa. Ɗaya ya gama da bindigarsa, ya ajiye ta, ya taɓa hannun na gaba, agogo kuwa bai tsaya ba sai harbin ƙarshe na mutum na uku. Kyaftin ɗinmu tsohon soja ne, raifil tasa ce ba gardama. Abokiyarmu ta fi mu duka iya fistol. Ni aka bar wa shotgan a yawancin zango, wato matakan gasar, kuma a rukunin Tac Ops muka yi rajista, wato da tara zan fara, takwas a bututun da ke riƙe harsashi, ɗaya a ɗaki, wato inda ake harba shi. Zangon da ke da farantin ƙarfe na harbi ashirin da ɗaya ke nan sai na ɗura sha biyu ko da ban ɓarar da ko ɗaya ba. Harbin kansa ba shi ne ke cin lokaci ba. Ɗurin ne. Duk daƙiƙar da na ɓata ina kokawa da harsashi, a kan mutum uku ake rubuta ta.

Yadda abin yake faruwa shi ne: na kifa bindigar, gindinta a hammatata ta dama, ramin ɗuri yana kallon sama, na cafko huɗu daga bel da hannun hagu. Biyun farko su shige sumul. Biyu na biyu su bi, sai na ƙarshen ya tsaya gab da ɗan ƙugiyan nan da ke bakin bututu, bai kai inda zai ce ƙas ba. Ina ɗauke babban yatsa sifirin ɗin cikin bututun ya turo shi baya, ya kwanta a kan harshen da ke ɗaga harsashi. Shi ke nan rami ya toshe. Sai na ja hannun sakata, mai rai da ke ɗaki ya faɗi ƙasa, in sake ɗaukar saiti daga farko. Daƙiƙa uku ko huɗu sun tafi, ga harsashi ɗaya a cikin ƙura, ga lissafin da na yi na zangon ya wargaje.

Abin da ya fi ɓata mini rai, a gida ba ya yi. Da harsasan bogi a gareji sai in yi ta ɗurawa kamar ba ni ba. A fili kuwa, da zarar taima, agogon da ke ƙirga lokacin harbi, ta yi ƙara, sai ya dawo. Kowa ya ce tsoron taima ne. Kyaftin ya ce in ƙara atisaye. Na ƙara, har gefen farcena ya tsage, don harshen nan bakinsa a rabe yake gida biyu, in yatsa ya shiga tsakani wajen fitowa sai ya cije shi. Wanda bai taɓa ji ba ba zai gane ba. Na yi sati ina alwala ina cije leɓe.

Daga nan na kai bindigar wurin mai gyara. Ya cike tsagar harshen da walda ya goge, ya rage bangon ramin ɗuri ta ɓangarorin biyu, ya ɗan ci gaban ramin har ana ganin bakin bututu sosai. Dala 260. Kada wanda ya buga mini lissafin a naira, na riga na buga. Na so in yi da kaina da magagari da samfefa kamar yadda wasunku suka yi, amma lambar bindigar tana kusa da wurin, kuma goge ko ɓata lambar bindiga laifi ne a dokar tarayyar Amurka. Ga shi ƙarfen da ka ci ba ya dawowa. Na gwammace in biya. Garanti kuwa na yi masa sallama tun ranar.

Cizon yatsa ya ƙare. Biyun farko suka ƙara sauri. Na huɗun bai fasa dawowa ba, sai dai ya ragu. Ranar da na gane haka na zauna a mota na daɗe ban tayar ba, ina tunanin dala 260.

Abokiyarmu ce ta ɗauke ni bidiyo da wayarta, muka rage masa gudu muna kallo. A nan muka ga abin da ido bai kama ba: ba ya dawowa sai in bututun ya kusa cika. A gareji kullum da bututu fanko nake farawa, sifirin a sake, komai na shiga da sauƙi. A zango kuwa ba na jira ta ƙare. Ina harba huɗu ko biyar in ƙara huɗu a kan ragowar yayin da nake tafiya wuri na gaba, wato na huɗun yana shiga ne lokacin da sifirin ya fi kowane lokaci matsewa. Bututuna na ƙari mai ɗaukar sha biyu ne, kuma irin waɗannan da dogon sifirin suke zuwa, da nufin mai shi ya yanke daidai bindigarsa. Nawa yana nan yadda ya zo, in ka kwance murfi sai ya miƙo waje ya fi tsawon hannuna.

Na sayi sifirin na biyu na ajiye gefe kafin in taɓa na farko. Sai na riƙa yankewa kaɗan-kaɗan, zagaye biyu ko uku, in mayar, in cika bututu da na bogi, in gwada. Abin da nake dubawa ba sauƙin shiga kaɗai ba ne. Harsashi na ƙarshe a bututu, lokacin da sifirin ya gama miƙewa, dole ya fito da ƙarfi ya kwanta a kan harshe. In ka zarce da yanka ka sayi wata sabuwar matsala: ɗuri zai yi daɗi, amma ta riƙa ƙin ciyar da na ƙarshe. Na tsaya inda na ga na ƙarshen yana fitowa da kuzari ko da bakin bindiga na kallon ƙasa. Ku sa gilashi in za ku kwance murfin nan, sifirin ɗin ba ya sallama.

Rabin maganin ke nan. Ɗaya rabin a hannuna yake. A bidiyon na ga bayan biyun farko sun shige, babban yatsana yana sauka a gefen gindin harsashi na huɗu, ba a tsakiyarsa ba, kuma ina ɗaga hannu sama kafin turin ya kai ƙarshe, saboda zuciyata ta riga ta tafi kan faranti na gaba. Yanzu nakan kwantar da yatsan a miƙe, in bar hannun ya zarce gaba a kan katakon riƙo, sai ya wuce ramin gaba ɗaya kafin ya tashi. Na rage gudu da gangan, na saita taima a daƙiƙa takwas, ina sauraron ƙas ɗin nan kowane karo, sannan na riƙa rage rabin daƙiƙa. Kuma na daina fara atisaye da bututu fanko: huɗu a ciki, in ƙara takwas. Harsasan bogin ma na sauya su. Na roba marasa nauyi ƙarya suke yi wa hannu, kuma in bakin gindinsu ya cinye sai su riƙa zamewa daga ƙugiya, ka ɗauka kai ne. Masu nauyi daidai da na gaske na saya, su ma sun ci kuɗi. Ba sai na faɗa ba, ba harsashi mai rai ko ɗaya a garejin in ana wannan aiki.

Wani ya tambaye ni me ya sa ban koma ɗurin hannun dama ba, wanda ake ɗora gindin bindiga a kan kafaɗa. Na gwada. Ya fi mini sauri in ina tsaye, amma in ina tafiya hagu ko dama ban yarda da inda bakinta ke kallo ba, kuma ƙetare layin 180, wato bakin bindiga ya juyo baya wajen mutane, kora ce nan take. A gasar mutum ɗaya kanka ka cuta. A wannan kuwa ka tafi da kuɗin rajistar mutum uku da na otal.

Raifil da fistol ba wani labari. Zango ɗaya ne za mu yi musaya kowa ya taɓa ukun, don haka na tabbatar saitina na yadi 50 yana nan, yana kuma kai ni faranti a yadi 200 ba tare da na ɗaga sosai ba. Fistol ina jan kunama ina karkata ƙasa hagu kamar kullum. Za a gyara.

Harsashi mai arha kuma na haƙura da shi. Bindigata da bugun baya take juya kanta, ba da iskar albarushi ba, don haka in na sa mai sauƙin dalma, kafaɗata kuma ba ta danne ta sosai ba bayan ɗuri, sai ta ƙi tofar da kwanso. Kyaftin yana da Mossberg 930 JM Pro, shotgan mai aiki da iska wadda aka sa wa sunan gwanin harbi Jerry Miculek, ya ce in ara. Na ƙi. Ba zan koyi sabon rami ana saura 'yan makonni ba. Na koma harsashi lamba 7.5 mai dalma oza ɗaya da ɗaya bisa takwas, kwalin ya fi tsada, amma tun da na koma ba ta tsaya ba.

Abin da ke gabanmu yanzu shi ne durom, inda ake ajiye bindiga in an gama da ita. Dokar gasar ta ce bindigar da aka ajiye ko dai tana kan sefti, maɓallin da ke hana ta tashi, ko babu komai a cikinta, bakinta ƙasa, kafin a taɓa na gaba. Ranar Asabar ɗin da nake murna, a nan muka zubar da abin da na samo. Ina gama faranti na ƙarshe, abokiyarmu ta riga ta miƙo hannu tana rawar ƙafa, ni kuma ina laluben sefti da yatsa mai gumi, ga dogon bututu yana karo da bakin durom. Kyaftin yana so in lissafa harsashi daidai yadda za ta ƙare fanko a harbin ƙarshe, ba sai na nemi sefti ba. Ni ban yarda ba. Kuskuren faranti ɗaya ya rushe lissafin, kuma alƙalin fili ba ruwansa da abin da ka yi niyya, abin da ya tarar a durom shi ne hukunci. Na fi so in riƙa danna sefti kowane lokaci har ya zama jiki, ko da zai ci rabin daƙiƙa. Mun rabu ba mu daidaita ba. Na yi odar babban maɓallin sefti, na kuma samo tsohon durom na roba na kafa a gareji.

Akwai kuma zango ɗaya da aka ce za a gauraya harsashi mai dunƙulen dalma guda da na harbin tsuntsu mai ƙananan ƙwayoyi, harba dunƙule a farantin ƙarfe na kusa kuwa haɗari ne. Ina tunanin in ware wa dunƙulen maƙalar harsashi guda a can gefen dama na bel, in sayi mai kwanso na wani launi daban. Masu ɗurin huɗu-huɗu da suka taɓa irin wannan zango, a ina kuke sa dunƙulen: biyu-biyu kuke ɗura su daban, ko kuna jera su cikin huɗun tun daga bel?