Kwakwar da Baba ya dasa

Asabar, Aboabo, Kumasi

Yau na tabbata kwakwar manjan da marigayi Baba ya dasa a bayan gida ba za ta tashi ba.

An yi watanni ganyayenta na ƙasa suna bushewa, suna rataye a jikinta kamar an ɗaura mata zani. Sababbin da ke tsakiya kuma sun miƙe tsaye sun ƙi buɗewa. Ni duk na ɗora wa rani. Sai da safen nan ina shara na ga wani abu manne a gindinta, faɗin tafin hannu, samansa ja mai sheƙi, ƙasansa fari fat. Hajiya ta leƙo ta ce ko domo ne, naman kazan nan da Asantawa ke tsinka a ruɓaɓɓen kututturen kwakwa su yi miya. Na taɓa, tauri kamar katako.

Bayan azahar na kira ɗan maƙwabtanmu da ke karatun aikin gona a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta nan Kumasi. Ya durƙusa ya ƙwanƙwasa gindin da ƙotar adda. Ƙarar da ta fito irin ta ƙwaryar da ba komai a ciki ce. Ya ɗago ya ce, "Yaya, Ganoderma ce."

Ya ce wata irin fumfuna ce da ke shiga ta saiwa, tana cin cikin bishiya a hankali har hanyar ruwa ta yanke. Wannan abu mai sheƙi ba shi ne farkon ciwon ba, sai ɓarna ta yi nisa yake fitowa, kuma daga ƙasansa ne irin cutar ke tashi kamar ƙura. Na tambaye shi ko ita ce cutar nan da aka fara gani wajen garin Keta a 1932, wadda ta cinye kwakwar bakin teku. Ya ce a'a, waccan daban ce, ba fumfuna ba ce.

Magani fa? Ya girgiza kai. A sare, a tone kututturen da saiwoyinsa, kada kuma a sake dasa kwakwa a ramin, don cutar na zama a ƙasa. In ina son ƙarin bayani, akwai cibiyar binciken kwakwar manja a Kusi, kusa da Kade.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ɗakin yara na ƙarƙashinta, kuma iskar farkon damina ta kusa. Ba zan jira ba.

Hajiya ba ta ce uffan ba sai bayan magariba. Daga wannan bishiyar ta yi manjan sunan ɗana na fari, tsintsiyar gidan nan ma duk daga ganyenta ne. Ta ce, "In za ku sare, ku bari in tafi gidan Inna tukuna."

Na yi magana da mai injin sara, zai zo Litinin da safe. Yaran yau a ɗakina suka kwana.