Wasiƙa daga Minisota ta Amurka: gas ɗin tukunya daban, na bututu daban

Assalamu alaikum 'yan uwa na Ringim da ƙauyukan kewaye. Muna lafiya, yara ma lafiya, a gaishe da su Inna da Kawu.

Duk wanda ya kira ni sai ya tambaya: wai da gaske ba ku shanya a can? Yaya ma ta tambaya har sau uku. To bari in amsa gaba ɗaya, daga baya in taɓo batun azumi.

Da rani ana iya shanya. Amma a watan Janairu sanyi kan wuce digiri 20 ƙasa da sifiri, in ka rataya jiƙaƙƙiyar riga a igiya sai ta sandare kamar ƙirgi. Shi ya sa kusan kowane gida yake da injin busar da kaya. Namu da gas yake aiki, kuma shi ya hana ni sakat a watan jiya.

Mun sauya gida ne, muka taho da injin. Gidan da muka baro a bayan gari yake, bututun gas bai kai can ba. Akwai ƙaton tanki a bayan gida, mota ke zuwa ta cika shi da furofen, ɗan uwan wanda kuke ɗurawa a tukunya mai kilo 6 ko 12.5. Sabon gidan kuwa a cikin gari yake, gas ɗinsa ta bututun ƙasa yake zuwa kamar ruwan famfo. Na ɗauka tiyo kawai za a sauya. Mai gidan ya ce kada a haɗa komai sai an kawo mai gyara mai lasisi.

Nan aka shiga takardu. Sai na nemo lambar injin, na yi odar kayan da suka dace da shi kaɗai, na cike takardar neman izini, na jira ranar mai gyara. Sati uku muna kwasar wanki zuwa shagon wanki cikin dusar ƙanƙara, matata da goyo. Raina ya ɓaci ƙwarai. Da mutumin ya zo, abin da ya ciro bai wuce kan ɗan yatsa ba: wani ɗan noti na tagulla mai huda a tsakiya. Ya ɗora tsohon da sabon a tafin hannuna. Hudar sabon ta fi faɗi, domin furofen ya ninka gas ɗin bututu zafi wajen sau biyu da rabi, kuma da ƙarfi yake fitowa, don haka 'yar ƙofa ta ishe shi. In aka bar ƙaramar hudar a gas ɗin bututu, wutar ba za ta yi ƙarfi ba, kaya ba za su bushe ba. In kuma aka sa furofen ta babbar huda, wuta ta yi yawa ke nan, ga baƙin hayaƙi, ga wata guba marar wari da ke kashe mutum cikin barci. Ya gyara abin da ke daidaita ƙarfin gas ɗin, ya shafa kumfar sabulu a kowace mahaɗa, ya kunna muka ga wuta shuɗiya, sannan ya manna takarda a jikin injin.

Wata maganarsa ce ta tsaya mini a rai. Gas ɗin bututu ya fi iska sauƙi, in ya zuba sama yake yi. Na tukunya ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, daidai inda muke shimfiɗa wa yara tabarma. Nan take na tuna tukunyar da na saya wa Inna, wadda take ajiyewa a ƙuryar ɗaki saboda ɓarayi, ga ƙofa a rufe ruf lokacin hunturu. Don Allah Yaya, a fitar da ita rumfa, a gwada tiyon da ruwan sabulu, kada a gwada da ashana. Kuma bututun da aka fara shimfiɗawa a 2020 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, irin gas ɗin sabon gidanmu zai ɗauko. Duk ranar da ya iso gidaje, kada kowa ya haɗa shi da murhun tukunya sai wanda ya san aikin ya sauya hudar.

Azumi dai mun yi shi lafiya, batun makarantar yara kuma sai wasiƙa ta gaba. In an samu mai tahowa, a aiko mana da daddawa da kuka.