Wa'azin da ya ci mini shekara guda

Jibi zan kwashe kayana daga makarantar nan ta koyon Littafi Mai Tsarki, shekara guda bayan abokan karatuna. Duk wanda ya halarci sujadar safiyar ran nan ya san dalili.

Muna aji uku shugaban makaranta ya fara gina gidansa. Kowace Asabar mu ɗalibai ke buga bulo da ɗibar ruwa, wai aikin gayya. Wannan bai dame ni sosai ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne magina, magidanta daga ƙauye, da aka yi ta ce musu sai wani mako har damina ta wuce. Da layin wa'azi ya zo kaina sai na buɗe littafin annabi Irmiya sura 22.

Na kawo tarihin Yehoyakim tiryan-tiryan. Fir'auna Neko ne ya ɗora shi a gadon Yahuza a shekara ta 609 kafin haihuwar Almasihu, ya tatsi talakawa don biyan harajin Masar, talanti 100 na azurfa da 1 na zinariya. Duk da haka ya samu sukunin gina bene da katakon al'ul, ya shafe shi da jan fenti, ma'aikata kuwa ko anini. Annabin ya tuna masa da ubansa Yosiya, wanda ya ci ya sha amma ya tsaya wa matalauta. Sai hukunci: babu mai yi masa makoki, za a ja gawarsa kamar mushen jaki a yar bayan ƙofofin Urushalima. Da na zo kan benen, na dakata na dubi tagar da ake hango ginin. Kowa ya gane. Kafin la'asar takardar dakatarwa ta same ni.

Tsohon malaminmu na Annabawa ya kira ni gidansa, ya miƙo mini Littafi.

"Ɗana, a ayar farko ina aka aiki Irmiya?"

"Gidan sarki, Baba."

"A aya ta 18 fa, ya ɓoye suna?"

"A'a, Baba."

"Kai ka taɓa taka ofishin shugaban makaranta kan maganar maginan nan?"

Na sunkuyar da kai. Ya tuna mini sarkin nan ne ya sa aka kamo annabi Uriya daga Masar ya kashe shi, kuma ranar da yake yayyanka littafin da Baruk, magatakardan Irmiya, ya rubuta yana jefawa a kasko, fādawa uku suka roƙe shi ido da ido kada ya ƙone shi. "Kai gugar zana ka yi daga bagadi, inda ba zai iya ba ka amsa ba."

Maganar ta yi mini zafi don gaskiya ce. Na koyi wasu abubuwa bayan haka: karanta sura tun daga farkonta, da rashin dogara ga masu zuga, don babu ko ɗaya da ya bi ni gaban kwamitin ladabtarwa.

Amma har yau ina jin ciwon cewa ni kaɗai aka yi wa tambayoyi. Da na dawo, na shiga ofishin shugaban na faɗa masa baki da baki, ya ce maganar tana hannun kwamiti. An tare a gidan tun bara. Babban maginin, da na haɗu da shi a kasuwa makon jiya, ya ce rabin kuɗinsu aka ba su.