Talata, a shagon Kawu

Ban yi niyyar tayar da maganar ba. Na shiga Kwari ne kawai in karɓo wa Maman Auta atamfar ankon biki, Kawu ya ce sai na zauna an kawo shayi. Ya ga ina ta duba waya, ya ce me ya ɗauke min hankali haka. Na ce hannun jarin kamfanonin mai nake bibiya, akwai ɗan abin da na tara tun bara, ina neman inda zan ajiye shi kafin naira ta ƙara cinye shi.

Da farko hirar ta yi daɗi ƙwarai. Na faɗa masa yadda manyan kamfanonin Turawa suka sayar wa 'yan gida rijiyoyinsu: Oando ya karɓi na Agip a 2024, Seplat ya kammala sayen na Mobil a Disambar 2024 ɗin, Shell kuma ya miƙa nasa na tudu ga Renaissance a 2025. Na ce a ganina kasuwa ba ta gama yi wa wasu daga cikin waɗannan kamfanoni kuɗin da ya dace ba, tunda da dala suke sayar da ɗanyen mai. Seplat ma da dala yake ayyana ribar da zai raba.

Ya tambayi kuɗin hannun jarin Seplat guda ɗaya. Da ya ji dubbai ne, sai ya ajiye kofi. "Wannan ne mai araha? To na 'yan nairori fa?"

Na ce, "Kawu, in za ku sayi shago a layin nan, kuɗin da aka kira kawai kuke ji, ko kuna tambayar cinikin da ake yi a ciki da bashin da ke kansa?" Ya ce ai ko yaron shago ya san wannan. Na ce to haka nake yi, ina auna farashi da ribar shekara, in duba bashi, in duba ganga nawa suke haƙowa kullum. Ya gyaɗa kai, har na ji daɗi a raina.

Sai ya yi shiru. Can ya ce, "Wallahi da muryar mahaifinka kake magana. A kan bencin nan ya zauna a 2007 yana yi min irin wannan lissafin."

Shayin ya fita daga raina.

Na san akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadon Hajiya. Takardun hannun jarin bankunan da Baba ya saya da kuɗin sallamarsa suna ciki har yau, an ɗaure su da kyalle. Kasuwa ta rushe a 2008, shi kuma bai ƙara ambaton su ba har Allah Ya karɓi abinSa. A 2008 ɗin nan gangar mai ta kai dala 147 a watan Yuli, kafin ƙarshen Disamba ta faɗo ƙasa da 40. Na haddace waɗannan alƙaluma, na ma san na Afrilun 2020 da farashi ya gangara ƙasa da sifili a Amurka. Amma ban taɓa haɗa su da fuskar Baba ba sai yau.

Kawu bai hana ni ba, shi ya sa abin ya fi tsaya min. Ya dai ce kar in taɓa kuɗin makarantar yara, kuma in je in tambayi Malam hukuncin kamfanin da ke cin bashi mai ruwa. Gaskiyarsa, wannan na jima ina kauce masa.

Na dawo a adaidaita, atamfa a cinya. Cunkoso a Ƙofar Mata. Maman Auta ta ce kalar ta yi.

Bayan isha'i na sake buɗe rahoton kamfanin. Lissafina bai canza ba, har yanzu ina ganin araha ce ta gaske. Na rubuta adadin da zan saya, na goge, na rubuta rabinsa. Ban tura wa dillali ba. Gobe in sha Allahu zan biya ta wajen Hajiya da safe, ina so ta ba ni mabuɗin akwatin nan.